Yadda Ake Bin Sawun Takardun Ƙirƙira a Shari'o'in Kamfanoni da Cinikinsu

Wata ranar Asabar bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a zaure, nan Garuwa, fuskarsa ba walwala. Shi da abokansa biyu sun yi wata takwas suna haɗa manhajar waya da za ta riƙa auna tuƙin ɗan acaɓa, wato nisan da ya ci da irin gudunsa da yawan taka birki ba shiri, domin kamfanin inshora, da mu nan muka fi ce wa asirans, ya yanka masa kuɗi daidai da halin tuƙinsa. Sai wani ya turo musu labari cewa wani kamfanin Amurka ya riga ya mallaki wannan dabara, har ya maka manyan kamfanoni a kotu a kanta. Ya ce, "Kawu, ke nan wahalar banza muka sha?" Na ce ya ɗauko kwamfutarsa mu duba da idonmu. Hanyar da muka bi a daren nan ita zan shimfiɗa, don na ga matasanmu da yawa suna ajiye aiki mai kyau saboda labarin da ba su bi diddiginsa ba, kuma abin yana ci mini rai.

Takardar ƙirƙira, wadda Faransanci ke kira brevet, izini ne da hukuma ke ba wanda ya ƙago wani abu sabo, ya hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ko shigo da shi na tsawon shekara 20, a cikin ƙasar da ta ba da takardar kaɗai. Ladan da jama'a ke samu shi ne dole ya bayyana yadda abin yake aiki, kowa ya karanta. Saboda haka karatun kyauta ne. Abin da kake bukata: intanet, littafin rubutu ko shafin Excel, da rumbuna uku, Google Patents da Espacenet na ofishin Turai da Patentscope na hukumar kare ƙirƙira ta duniya da ke Janiba. Espacenet yana buɗewa da Faransanci. Patentscope har da Larabci, abin da zai yi wa 'yan'uwanmu na Njamena da Abeshe daɗi. In layi yana yankewa, sauke takardun ka ajiye a waya, ka karanta daga baya a natse.

Abu na farko, rubuta tambayarka a jimla ɗaya, sannan ka nemo cikakken sunan kamfanin. Tambayarmu ita ce: akwai takarda mai rai da za ta hana a yi wannan aiki a Kamaru? Kamfanin da ake magana a kansa Progressive ne, kamfanin inshora na jihar Ohayo, kuma a rumbu sai ka nemi Progressive Casualty Insurance Company, don da wannan sunan yake ajiye takardunsa. Haka yawancin manyan kamfanoni suke, sunan da ke kan allon talla daban, na rassan da ke riƙe da dukiya daban. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwar Marwa duk na Transsion ne, kuma wanda ya nemi "Tecno" kawai zai dawo da ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Na biyu, samo lambobin takardun da aka yi shari'a a kansu. Labarin jarida ba kasafai yake faɗa ba, amma takardar shigar da ƙara ko hukuncin kotu dole su ambata. Shafin CourtListener yana ɗauke da hukunce-hukuncen kotunan Amurka kyauta. In ba ka da lamba ko ɗaya, shiga ta ƙofar rukuni: an kasa ƙirƙire-ƙirƙire gida-gida, gidan inshora shi ne G06Q 40/08, na biyan kuɗi G06Q 20, na sadarwar waya H04W. Haɗa lambar rukuni da sunan kamfani, ka jera sakamakon daga mafi tsufa. Da haka muka faɗa kan uwar takardun, lamba 5,797,134, wadda aka nema a Janairun 1996 aka bayar a 1998, da kuma 6,064,970 da ta fito daga cikinta, wadda Progressive ya riƙe ya kai kamfanin inshora na Liberty Mutual da reshensa Safeco ƙara a 2010.

Mataki na uku shi ne inda aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Takardar ƙirƙira tana da suna, da taƙaitawa, da zane-zane, da dogon bayani mai shafi ashirin ko fiye, sannan a can ƙarshe wasu jimloli masu lamba da ake kira da'awa, revendications a takardun Faransanci. Duk wanda ya taɓa zama wurin sulhun rikicin gona ya san bambancin. Mai gona zai ba da labarin yadda kakansa ya sare dajin, da shekarar da aka yi fari, da wanda ya ara masa shanu, amma da mai unguwa ya tashi yanke magana, iyaka yake tambaya: daga wace tsamiya zuwa wane suri. Dogon bayanin labari ne, da'awa ita ce iyakar. Sunan takardar Progressive ya yi faɗi ƙwarai, tsarin sa ido kan mota domin ƙayyade kuɗin inshora, kuma wannan sunan ne ya tsorata yaran. Suna ba ya hana kowa komai.

Ga yadda ake karanta da'awa. Fara da ta ɗaya, don ita ke tsaye da ƙafafunta. Waɗanda ke cewa "kamar yadda da'awa ta 1 ta faɗa" a rataye suke da ita, ƙarin sharaɗi ne kawai, bar su sai daga baya. Ɗauki da'awa ta ɗaya ka yayyanka ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa a layinta, a gefen hagu na takarda. A gefen dama ka rubuta abin da naka kayan, ko kayan kamfanin da ake ƙara, yake yi a daidai wannan gaɓa. Ƙa'idar ita ce sai an taka dukkan gaɓoɓin kafin a ce an shiga gonar. In da'awa ta lissafa abu biyar, naka yana yin huɗu, a bisa asali ba ka shiga ba, ko da yake kotuna kan duba ko ka musanya gaɓa ɗaya ne da wata mai aiki iri ɗaya don wayo. Daga nan za ka gane wani abu da ke ba mutane mamaki: gajeriyar da'awa ta fi doguwa haɗari, domin kowace kalma da aka ƙara tana rage faɗin gonar.

Kula kuma da harafin da ke bayan lamba. A takardun Amurka, A1 nema ne kawai, wanda ake wallafawa wata 18 bayan an ajiye shi, B1 ko B2 kuwa an bayar. Mai nema yakan roƙi rabin duniya, ma'aikacin ofis ya yi ta rage masa har ya koma ɗan fili. Na sha ganin an ɗauko A1 ana yaɗawa cewa kamfani kaza ya mallaki abu kaza, alhali ba a taɓa ba shi ba.

Na huɗu, tambayi takardar abu biyu: tana da rai, kuma a ina? Lissafin rai mai sauƙi ne. Ana ƙirga shekara 20 daga ranar da aka ajiye nema, ba daga ranar da aka bayar ba, kuma 'ya'yan da suka fito daga uwa ɗaya suna bin ranar uwarsu. Janairun 1996 a ƙara 20, ya ba mu Janairun 2016. Ɗan ƙanwata ya lissafa da kansa, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ai ta mutu tun ina makarantar firamare." Takarda kan mutu ma tun kafin lokacinta in ba a biya kuɗin riƙo ba. A Amurka ana biya sau uku, a shekara uku da rabi, bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi. A namu yankin duk shekara ake biya. Google Patents yana nuna matsayin a gefe, amma in maganar kuɗi ce, ka tabbatar a rajistar ofishin da ya bayar.

Batun "a ina" ya fi shafarmu. Kamaru da Cadi ba su da ofishin ba da irin wannan takarda na kansu, suna cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 da yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta kafa, mai hedkwata a Yawunde. Nema ɗaya a can ya rufe Kamaru da Cadi da Nijar da sauran duka. A Espacenet buɗe wurin da ke nuna dangin takarda, wato duk ƙasashen da aka kai ƙirƙira ɗaya, ka nemi lamba mai farawa da OA, alamar takardar OAPI. In babu OA, kuma wa'adin shigowa ya wuce, to takardar ba ta da iko a Garuwa ko Kusiri, ko da tana da ƙarfi a Amurka da Turai. Wa'adin shi ne wata 12 daga neman farko a ƙarƙashin yarjejeniyar Faris ta 1883, ko wata 30 ga wanda ya bi hanyar neman ƙasa da ƙasa ta PCT. Ka ƙara da duba mujallar OAPI, wadda ake kira BOPI, don rumbunan waje kan yi jinkirin ɗaukar abin da ya fito daga Yawunde. Najeriya ba ta cikin OAPI, nata rajistar daban ne a Abuja, saboda haka wanda kayansa ko manhajarsa za su tsallaka Yola ko Mubi, bincike biyu ne a kansa.

Akwai ƙari. Yarjejeniyar Bangi ba ta ɗaukar dabarar kasuwanci zalla ko manhajar kwamfuta zalla a matsayin ƙirƙirar da za a ba takarda. Manhaja tana samun kariya ne ta haƙƙin mawallafi. Wannan ya sa yawancin takardun inshora irin na Amurka da wuya su tsaya a nan. Amma in an haɗa da na'ura, misali akwatin da ake ɗaure wa babur, magana ta canza, sai a duba da kyau. Kuma OAPI ta daɗe tana ba da takarda ba tare da zurfin binciken ko abin sabo ne ba, sai gyaran 2015 ya kawo wannan binciken. Don haka tsohuwar takarda mai OA ba hujja ba ce cewa za ta tsira a gaban alƙali, kuma kotunan kowace ƙasa ne ke sauraron ƙarar.

Na biyar, wa ke riƙe da ita yau? Sunan da ke shafin farko na ranar da aka bayar ne. Takarda tana canza hannu kamar saniya a kasuwar Ngaundere, kuma ofishin Amurka yana da rajistar sauyin mallaka da kowa ke iya dubawa da lamba. Rubuta kowane hannu da kwanan watansa, har da bankin da aka jinginar masa da ita. Za ka bukace su nan gaba kaɗan.

Na shida, bi shari'ar har inda ta tsaya. Ranar shigar da ƙara da ranar da masu taya alƙali suka ambaci maƙudan kuɗi su ne jarida ke so, abin da ya biyo baya kuwa sai mai haƙuri. A maganar Progressive, dokar da Amurka ta yi a 2011 ta buɗe hanyar ƙalubalantar takardun dabarun kuɗi a gaban ofishin da ya ba da su, daga Satumbar 2012 zuwa Satumbar 2020. Liberty Mutual yana cikin na farko da suka bi ta. Ya kawo tsofaffin rubuce-rubuce, har da wata takardar nema ta Japan ta farkon shekarun 1990 da ta riga ta yi maganar auna haɗarin tuƙi don ƙayyade kuɗin inshora. A 2014 ofishin ya soke da'awowin da aka ƙalubalanta, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2015. Ke nan labarin da aka turo wa yaran rabinsa ne, rabin farko.

Irin haka ta faru tsakanin Accenture da Guidewire, masu manhajar sarrafa neman diyya. An shiga kotu a 2007, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce da'awar tunani ne kawai aka ɗora wa kwamfuta. A watan Yunin 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta kafa wannan ma'auni a shari'ar Alice da CLS Bank, kuma tun daga lokacin duk takardar inshora ko ta banki da aka bayar kafin 2014 sai ka karanta ta da wannan a ranka. Kada dai ka ɗauka duk sun zama takardar tsire. USAA, kamfanin inshora da banki na sojojin Amurka, ya ci bankin Wells Fargo dala miliyan 200 a Nuwamban 2019 kan ajiye cek ta hanyar ɗaukar hotonsa da waya, ya sake cin sama da miliyan 100 a Janairun 2020. A kowace shari'a rubuta abu huɗu: an tabbatar da takardar ko an soke, an ce an taka ta ko a'a, nawa aka yanke, da abin da ɗaukaka ƙara ko sulhu ya mayar da shi. Apple da Samsung sun fara a 2011, an ambaci dala biliyan 1.05 a 2012, aka yi ta ragewa da sake lissafi, suka yi sulhu a 2018 ba tare da bayyana sharuɗɗa ba.

Na bakwai, in abin da ke gabanka ciniki ne, wato wani kamfani ya sayi wani ko ya sayi tarin takardunsa, ja layi ɗaya a takarda ka jera duk kwanakin da ka tara, na ƙara da na sauyin mallaka da na sanarwar ciniki. Dalili yakan fito da kansa. Dubi Facebook a 2012. A watan Maris, ana saura wata biyu ya fara sayar da hannun jari, Yahoo ya kai shi ƙara kan takardu 10. A cikin watan ya sayi kimanin 750 daga IBM. Farkon Afrilu ya rama da tasa ƙarar, da takardun da yawancinsu saye ya yi. Ƙarshen Afrilu ya biya Microsoft dala miliyan 550 kan kusan 650 da suka fito daga AOL. A Yuli aka sasanta ba tare da kuɗi ya shiga tsakani ba. Wanda ya kalli cinikin IBM shi kaɗai zai ce fasaha ake saye, layin kwanaki kuwa ya nuna garkuwa ce.

Haka Google. A Afrilun 2011 ya fara tayin dala miliyan 900 kan takardu sama da 6,000 na kamfanin sadarwa na Nortel da ya karye, gungun Apple da Microsoft da abokansu suka ɗauke a biliyan 4.5 a ƙarshen Yuni. Mako shida bayan nan, 15 ga Agusta, ya sanar da sayen Motorola Mobility a biliyan 12.5, mai takardu kimanin 17,000. A nan sai ka je rahoton kuɗi na shekara, wanda kamfanonin kasuwar hannun jarin Amurka ke ajiyewa a rumbun EDGAR, ka ga yadda mai saye ya kasa farashin. Google ya ɗora biliyan 5.5 kan takardu da fasahar da aka riga aka gina. A 2014 ya sayar wa Lenovo sashen wayoyin a biliyan 2.91, ya riƙe mafi yawan takardun.

Za ka so ka raba kuɗi da yawan takardu, kuma ba laifi ka yi: na Nortel ya kama dala 750,000 kowace ɗaya, na Kodak, da aka sayar da kusan 1,100 a wajen miliyan 525 a ƙarshen 2012, bai kai 500,000 ba. Ni dai ban yarda da wannan lissafi ba sai a matsayin ɗan haske. A garke na dubu, 'yan kaɗan ne ke ɗauke da darajar, kuma ana gane su da alamu: an taɓa shiga kotu da su sun tsira, danginsu ya bazu ƙasashe da yawa, takardun baya suna yawan ambatonsu, kuma saura shekaru masu yawa. Wasu kuma an ɗaure su da alƙawari. Takardun da suka zama dole ga ma'aunin sadarwa, irin na Wi-Fi, masu su sun yi alƙawarin ba kowa haya a farashi mai adalci. Motorola ya nemi kashi 2.25 cikin 100 na farashin kayan Microsoft, abin da Microsoft ya ƙiyasta da dala biliyan 4 a shekara, amma a 2013 kotu a Siyatil ta yanke kimanin miliyan 1.8 a shekara. Wanda ya ƙirga 17,000 bai ga wannan ba.

Na takwas, in cinikin na yankinmu ne, yi binciken, amma ka shirya samun amsar "babu". Da Prudential na Ingila ya sayi rinjayen hannun jari a rukunin Beneficial na Kamaru da Kodebuwa da Togo a 2019, ko da Sanlam na Afirka ta Kudu ya kammala sayen Saham a 2018 sannan ya haɗe harkokinsa na Afirka da Allianz a 2023, abin da ya canza hannu shi ne lasisin aiki da abokan ciniki da wakilai da suna. Dalilin yana cikin dokar CIMA, ƙungiyar kasuwannin inshora da aka kafa a Yawunde a 1992: ba ka sayar da inshora sai da amincewar hukuma, kuma a 2016 an yanke ɗaga mafi ƙarancin jari daga sefa biliyan 1 zuwa biliyan 5, mataki-mataki. Haka da Maroc Telecom ya sayi Tigo na Cadi a 2019, lasisi da turakun sadarwa da masu layi ya saya. A irin wannan ciniki, rajistar tambarin kasuwanci ta OAPI za ta fi gaya maka gaskiya fiye da ta ƙirƙira.

A ƙarshe ka tattara komai a shafi ɗaya: lamba, mai ita yau, ranar mutuwa, akwai OA ko babu, gaɓoɓin da'awa ta ɗaya, da inda shari'a ta tsaya. In kuɗi mai nauyi zai bi bayan amsar, kai shafin wurin ɗaya daga cikin wakilan da OAPI ta amince da su, jerinsu yana shafinta, don binciken zaure ba ya zama fatawar lauya.

Shafin ɗan ƙanwata ya fito da layi biyu da aka soke da jan biro, da wasu sababbin takardu na G06Q 40/08 da za su duba danginsu a mako mai zuwa. Na gargaɗe su kada su nuna abin da suke haɗawa a bainar jama'a ko a Facebook kafin su yanke shawarar ko za su nemi tasu takardar a Yawunde, don bayyanawa da wuri tana iya kashe sabuntar abu. A ƙasan shafin ya rubuta aikin da ya fi gaggawa da hannunsa: neman kamfanin asirans mai lasisi a Duwala da zai yarda a gwada manhajar da babura hamsin.